Ta'aziyya a Filin Rawa

Mahaifiyata ta zo wurina a Silver Spring don a cire mata yana a ido. Da niyyar ɗan gajeren zama ta zo, likita ya ce sai ido ɗaya ya warke a taɓa ɗayan, zaman ya miƙe har ya cinye bazara. Muna hawa na huɗu na wani dogon bene. Taga ɗaya tana kallon layin jirgin ƙasa, ɗayar tana kallon bayan wani shagon Habashawa. Aikina fassara labarai da karanta su ne a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Nakan fita da safe, in dawo bayan la'asar, ita kuma ta wuni da carbinta. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in da mutane ta ce "'yar nan". Ni kuwa Hajiya nake ce mata, kamar kowa.

A ɗakin wanki na ƙasan benen ta haɗu da matar. 'Yar Japan ce, sa'arta ko ta ɗan girme ta, 'yar ƙarama, da furfura yankakkiya daidai kunne. Injin wanki ya ƙi karɓar katin Hajiya, matar ta karɓa ta juya shi, injin ya tashi. Washegari Hajiya ta aike ni hawa na biyu da kwanon waina. Kwanon ya dawo da dunƙulen shinkafa naɗe cikin wani baƙin ganye mai ƙarnin teku. Hajiya ta buɗe, ta shinshina, ta rufe.

"'Yar mutunci ce," in ji ta. "Ta san ba a mayar da kwano haka nan."

Tun daga ranar kwanon bai ƙara samun hutu ba. Ya sauka da alala, ya hau da dafaffen kabewa. Ya sauka da dambun nama, ya hau da wata alawar wake. Kowace a cikinsu ta fito daga mutanen da ke jin kunyar kwano ya koma babu komai, don haka babu wadda za ta iya tsayar da abin. Ba su da harshe ɗaya. Turancin Hajiya bai wuce gaisuwa ba. Amma da yamma sukan zauna a kan bencin ƙofar gida suna kallon motocin bas, wani lokaci ɗaya ta nuna wani abu da haɓa, ɗayar ta gyaɗa kai. Hajiya na ce mata "ƙawata ta ƙasa". Ita kuma tana ce wa Hajiya "Mama", don ta ji yaran unguwa na faɗa.

Wata Lahadi na raka Hajiya ɗakin matar. A kan wata 'yar kanta akwai hoton wani dattijo mai tabarau, da ɗan kofin shinkafa, da turaren tsinke yana hayaƙi. Mijinta ne. Ya yi aikin binciken tsirrai a Beltsville har ya yi ritaya, ya rasu a kakar da ta wuce. Ɗansu ɗaya ne, yana can ƙarshen yammacin ƙasar.

Hajiya ta ce, "Tambaye ta, wa ya zauna da ita?"

Na tambaya. Matar ba ta gane ba. Na yi mata bayani cewa a wurinmu idan miji ya rasu mata kan zo su cika ɗakin, su kwana, su tashi, ba a barin mai takaba ita kaɗai. Ta ce ɗanta ya zo ya yi mako guda. Mutanen wurin ibadarsu sun aiko da furanni, sun yi ta bugo waya. Kowa ya kyauta mata ƙwarai.

"Bayan ɗan ya tafi fa?"

Matar ta yi murmushi, ta nuna talabijin.

Muka yi mata sallama, muka shiga lifta. Lokacin da mahaifinmu ya rasu, har Hajiya ta fita takaba ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. Ta dubi lambobin da ke haskawa a saman ƙofa ta ce, "Mace ta yi takaba da talabijin."

A tsakiyar watan Yuli matar ta hawo da kanta, ba tare da kwano ba. Ta ce ranar Asabar akwai Obon a wurin ibadarsu, can tsallaken kogi a Virginia. Taro ne da suke yi duk bazara don tunawa da waɗanda suka mutu. Na farko bayan rasuwar mutum shi ne mafi nauyi ga iyalinsa, bana kuma shi ne na farkon mijinta. Za a yi abinci, za a yi kiɗa da rawa. Ko Mama za ta zo?

Na fassara kamar yadda aiki ya koya mini, ba ƙari ba ragi. Na faɗi kiɗan, na faɗi rawar. Hajiya ta ji, amma maganar mamaci ta riga ta cika mata kunne.

"Kowa da irin makokinsa," ta ce. "Ce mata za mu zo."

Ni ma ban taɓa zuwa ba. Abin da na hango a raina ɗakin taro ne da kujeru jere, da wani mai ganga a kusurwa.

Ranar Juma'a ƙanin Hajiya ya biyo ta gidanmu daga masallaci. Injiniya ne, yana zaune a Bowie, ya fi mu daɗewa a ƙasar nesa ba kusa ba. Ya tarar da ita tana tsince busasshen zogalen da ta zo da shi daga gida.

"Yaya, ɗakin bautarsu fa za ki."

"Gidan mutuwa za ni."

"Mutuwar bara."

"Tana tsufa ne?"

"To me za ki ce mata? Allah ya jiƙansa dai ba za ki ce ba."

"Zan ce Allah ya ba ta haƙuri. Ko shi ma sai na nemi izininka, Malam?"

Kawu ya dube ni don in taimake shi. Na ci gaba da wanke kofuna.

"Kai da ka yi furfura a ƙasar nan," in ji Hajiya, "ko sunan maƙwabcinka ka sani?"

"Na san sunan karensa."

"To ka gani."

Ya ci tuwo, ya tafi da sauran a roba.

Asabar da hantsi ta ɗora dambun shinkafa, tukunya biyu, domin gidan makoki ba ya hura wuta, kuma ba a zuwa masa hannu rabbana. Ta cika babbar kularmu har murfin na ƙin rufuwa. Ta cire 'yan kunne. Ba ta sa kwalli ba, ba ta taɓa turare ba. Ta ɗaura wata atamfa mai ruwan toka, ta yafa babban mayafi baƙi. Da na fito cikin doguwar riga mai furanni, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Biki za ki?"

Na koma na sauya. Muka yi la'asar, muka ɗauki kula da tabarma. Matar ta riga ta tafi tun da safe, don tana cikin masu girki.

Zafin ranar irin na Yuli ne a nan, mai ɗanko, iska ba ta motsi. Muka bi babbar hanyar da ta zagaye birnin, muka haye kogi, muka shiga wata unguwa mai yawan itatuwa. Wani mai riga ruwan lemo ya nuna mini wurin ajiye mota a cikin ciyawa. Muka kama kular, hannu ɗaya ni, hannu ɗaya ita. Tun daga nan ake jin gangunan, manya ne, sautinsu a ƙirji yake sauka kafin kunne.

"Bikin wa ake yi kusa da gidan mutuwa?" in ji Hajiya. "Mutane ba su da ta ido."

Muka sha kwanar itatuwan. Fili ne babba, a tsakiyarsa an kafa dogon dandamalin katako, daga samansa igiyoyi sun bazu ta kowane ɓangare ɗauke da fitilun takarda, farare da jajaye. Rumfuna sun kewaye filin. Hayaƙin gasasshiyar kaza ya tokare sama. 'Yan mata na yawo cikin rigunan auduga masu zanen furanni da faffaɗar ɗamara. Yara na shan ƙanƙara mai launi, harsunansu sun koma shuɗi. Akwai 'yan Japan, akwai Turawa, akwai baƙaƙen fata, akwai wani da ya sa wa karensa ɗan kwali. Kowa na dariya ko yana tauna.

Hajiya ta ajiye nata gefen kular.

"Ke, kin ɓata hanya."

"Nan ne, Hajiya."

"Ina masu makokin?"

"Su ne waɗannan."

A bakin shiga akwai teburi da wani mutum mai tawul ɗaure a goshi. Ya yi mana maraba, ya dubi kular, ya ce cikin ladabi ba a raba abincin waje a filin, dokar hukumar lafiya ce. Na faɗa wa Hajiya.

"Ce masa ba na sayarwa ba ne. Na gidan mutuwa ne."

Na faɗa masa. Fuskarsa ta canja. Ya tambaya ko wani ne ya rasu yau. Ina neman ta inda zan fara, sai ga matar ta taho da sauri cikin gajerun taku. Rigarta shuɗiya ce mai duhu da fararen furanni, ta soke maficin takarda a bayan ɗamara, ta kuma sa jan baki. Ba mu taɓa ganinta da jan baki ba. Ta rusuna. Hajiya ta kama hannayenta biyu, a nan tsakiyar hanya, lasifika na sanar da inda ake sayar da taliya, ta yi mata ta'aziyya cikakkiya, kamar jiya aka kai shi.

"Ya haƙuri? Ya aka ji da rashi? Allah ya ba ki dangana. Allah ya sanyaya miki zuciya. Allah ya raya abin da ya bari. Kowa jiran tasa yake yi."

Na bi ta jimla bayan jimla. Matar ta tsaya cak tana saurare. Mutane na ratsa mu ta dama da hagu da faranti a hannu. Da Hajiya ta gama, matar ta daɗe ba ta saki hannunta ba. Sannan ta ce tun safe kowa ce mata yake yi ya ji daɗin ganinta, babu wanda ya yi mata maganar rashi. Ta juya ga mai tawul ta yi masa magana da yarensu, ya ɗauki kular da kansa ya nufi bayan rumfuna. Ta ce dokar ba ta hana masu aiki cin abin da aka kawo musu ba.

Hajiya ta zaɓi gindin wata bishiya a gefen fili. Ta shimfiɗa tabarma, ta cire takalmi, ta zauna, ta ciro carbi. Ta daki tabarmar kusa da ita da tafin hannu. A tsarinta, nan ne wurin mai takaba, mutane kuma su riƙa zuwa suna gaishe ta. Matar ta durƙusa a kan dugaduganta na ɗan lokaci, sannan ta nemi gafara, ta ce an bar mata shinkafa a rumfa.

"Mai rashi ce ke yi wa baƙi girki?" in ji Hajiya bayan ta tafi. Ba amsa take nema ba.

Muka zauna mu biyu, cikin baƙaƙen kaya, a kan tabarma, a gefen biki. Wasu na wucewa su yi mana murmushi. Wata mata ta tambaye ni ko wani abu muke sayarwa. Ba a daɗe da yi wa idon Hajiya na biyu aiki ba, nesa ba ta fito mata sosai, don haka ni ce ke gaya mata abin da ke faruwa. Masu ganga sun hau. Maza da mata ne, sun ware ƙafafu, suna dukan fata da sanduna masu kaurin taɓarya. Yara na kamun balan-balan a cikin baho da 'yar ƙugiya. Wani tsoho ya yi barci a kujera da masara a hannu.

Da matar ta dawo ta kawo mana shayi mai sanyi. Hajiya ta sa na tambaye ta dalilin murnar. Ta ce a wurinsu, a waɗannan kwanakin waɗanda suka mutu kan dawo gida su duba nasu. Fitilun don su gane hanya ne. Rawar kuma don kada su tarar da mutanensu cikin kuka. Ta ƙara da cewa ba kowa ne a filin ya yarda da hakan ba, ita ma wasu shekarun ta yarda, wasu ba ta yarda ba.

"Wanda ya tafi ba ya dawowa," in ji Hajiya.

"In fassara?"

"A'a. Bar shi a nan."

Matar ta nuna wani lambu a bayan ginin, inda ake jera kyandirori, kowanne da sunan mamaci. Ta ce idan Mama na so, za a kunna wa mijinta ɗaya. Hajiya ta yi godiya, ta ce nasa yana isa gare shi ta wata hanya. Wannan na fassara. Matar ta gyaɗa kai, ba ta nuna ta ji komai ba.

Rana ta fara sauka bayan itatuwa. Aka sanar cewa rawa ta kusa. Matar ba ta tashi ba. Ta ciro maficinta, tana juya shi a hannu, ta fara magana tana kallon tabarma. Ga abin da ta ce, kamar yadda na faɗa wa Hajiya.

Tun da suka yi aure suke zuwa nan duk bazara. Rawar ta da'ira ce, ana bin juna a layi ana kewaya dandamali. Mijinta a Amurka aka haife shi, bai taɓa iya ta ba. Kullum bayanta yake tsayawa yana kwaikwayon hannunta, kullum kuma a makare. A ɗaya daga cikin waƙoƙin akwai inda kowa ke juyawa baya ya tafa. Duk shekara in ta juya sai ta tarar bai juya ba, suna fuskantar juna, yana dariya. Bana ta je gwajin rawar sau da yawa. Duk lokacin da aka zo wurin juyawar sai ta fita daga ɗakin. Ta san kanta. Idan ba ta shiga da'irar yau ba, baɗi ba za ta zo ba, ba kuma za ta ƙara zuwa ba. Nan ne kaɗai wurin da ya rage mata inda ake yi mata magana da yarenta. Ba ta son ta juya ta ga baƙuwar fuska. Ba ta kuma son ta ga fuskar ƙawayenta na nan, domin sun san shi, za su tausaya mata. Ko Mama za ta tsaya a bayanta?

Hajiya ta daina jan carbi.

"Rawa?"

"Rawa."

"Ni?"

Ban taɓa ganin mahaifiyata tana rawa ba. A bikin ƙannena ma ɗaki take shiga ta ja ƙofa idan makaɗa suka fara. Balle a nan, a ƙofar ɗakin ibadar wasu, da sunan matattu. Na ce, "Hajiya, ni sai in shiga."

"Ke aka roƙa?"

Matar ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskar. Ta ce a yi haƙuri, bai kamata ta tambaya ba. Ta rusuna, ta sake rusunawa, ta miƙe ta nufi bakin fili.

Waƙar farko ta tashi. Mutane suka shiga, da'ira a cikin da'ira, tsofaffin da suka iya a ciki, masu koyo a waje. Rawa ce mai nutsuwa. A yi gaba, a ɗan koma baya, a ɗaga hannu kamar ana kare rana, a tafa.

"Ta shiga?" in ji Hajiya.

"Tana tsaye a gefe."

Waƙar ta ƙare, aka sa wata.

"Yanzu fa?"

"Tana nan. Wata ta miƙo mata hannu, ta girgiza kai."

"Me take yi?"

"Ta mayar da maficin bayan ɗamara. Tana duban wajen motoci."

Hajiya ta ƙanƙance ido tana kallon masu rawar. Ta daɗe a haka.

"Wannan ai tafiya suke yi," ta ce.

Ta miƙe tsaye.

"Ni ba zan yi rawa ba. Amma ban taɓa zuwa gaisuwa na ga mai rashi ta fita, na bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Rakiya zan yi mata." Ta miƙo mini carbin. "Riƙe. Ba zan shiga da shi ba."

Ta sa takalmi, ta gyara mayafi, ta ratsa ciyawar. Na bi ta a baya don in fassara, amma ba a nemi hakan ba. Ta taɓa gwiwar hannun matar, ta nuna da'irar da haɓa, ta ce, "Mu je." Matar ta dube ta. Aka fara waƙa ta uku. Suka shiga layin waje, matar a gaba, Hajiya a baya. Na tsaya a bakin igiya.

Abin da na gani ke nan. Matar na rawa, hannayenta na tafiya daidai, ba ta kuskure ko ɗaya. Hajiya na biye da ita, hannuwa cikin mayafi, kai a miƙe, fuska irin ta mai bin layin asibiti. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta tafa ba. Da aka zo wurin komawa baya, ba ta koma ba, matar ta yi karo da ita. Karo na biyu ta gane, sai ta riƙa tsayawa tana ba da wuri. Wani dogon Bature da ke bayanta ya rage takunsa don kada ya taka mata zani. Baƙin mayafin ya bi cikin rigunan furanni, ya ɓace mini a bayan dandamali, ya sake fitowa ta ɗaya gefen.

A wannan waƙar juyawar take. Na gane ne da na ga layin ciki ya juya gaba ɗaya kamar an ja zare. Matar ta juya, hannayenta a buɗe don tafi. Hajiya ba ta juya ba. Duk filin na kallon baya, su biyu kaɗai ke fuskantar juna. Kowa ya tafa, matar ba ta tafa ba. Hannayenta suka tsaya a sama. Suna kusa da ni a lokacin, na ji abin da Hajiya ta ce, da muryar da take yi mana magana in mun tsaya wasa a hanyar makaranta.

"Ci gaba. Ina nan."

Matar ta yi wani sauti, dariya ce ko kuka ban tantance ba. Ta juya gaba tare da sauran. Da juyawar ta sake zuwa, ta tafa. Ta tafa a ta gaba ma. Suka gama waƙar, suka yi wadda ta biyo baya.

Aka kunna fitilun takarda. Hajiya ta ɗaga kai ta dubi sama, ta jira waƙa ta ƙare, ta fito daga layi.

"Magariba ta yi. Ina ruwan?"

Ta yi alwala da ruwan gora a bayan bishiya, na nemo mata alƙibla a waya. Matar ta biyo mu, gumi ya wanke mata hoda. Ta tsaya daga gefe har muka idar. Sannan ta ce za ta koma, saura waƙoƙi, kuma yanzu za ta iya. Hajiya ta ce a gaya mata ta ci abinci tukuna.

Mai tawul ya kawo mana kular har mota. An wanke ta, an cika ta da dunƙulen shinkafa da gasasshiyar masara. Ya ce masu ganga sun cinye dambun tas, ɗaya daga cikinsu na son sanin sunan ganyen da ke ciki. Na gaya masa. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba, Hajiya ta ce ya yi ƙoƙari.

Sai da muka haye kogi ta karɓi carbinta.

"Idan kawunki ya tambaya, ce masa ta'aziyya muka je."

"Ai ita muka je."

"To."

Kawu bai tambaya ba, ko kuma ya tambaye ta ban sani ba. Kafin sanyi ya shigo idon ya warke, Hajiya ta koma gida. Kwanon ya zama tsakanina da matar, ko da yake ni ban kai Hajiya ƙoƙari ba, yakan yi kwanaki a wurina.

Da Yuli ya zagayo, wata Lahadi da safe matar ta tare ni a ɗakin wanki. Ta ce in gaya wa Mama ta je jiya, ta yi rawa tun daga waƙar farko. Na bugo wa Hajiya da rana. Ana ta hayaniyar jikoki a bayanta.

"Wa ya tsaya a bayanta?"

"Wata ƙawarta ta can."

"Ta juya?"

"Ta ce ta juya."

"Madalla." Sai ta ce, "Kwanon fa?"

"Yana wurina."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata.

"Ke dai ba ki da kunya," in ji ta. "Akwai sauran zogalen nan a saman firij. Tashi ki ɗora tukunya."